Bayan Bangon Ɗakin Hoto

Mitar ta yi kuka a inda bai kamata ta yi ba.

Amatullahi ba ta ma fara aiki ba. Tana tsaye ne a gaban teburin yankan kati na asibitin kawunta, jaka a kafaɗa, mitar awon radiyeshin, hasken nan mai cutarwa da ido ba ya gani, a hannu, ta kunna ta don ta ga ko batir zai kai ta la'asar. Bilki, 'yar kawun nata, tana zaune a bayan teburin ta jingina da bango, ta ɗora ƙafafu a kan kwali saboda kumburi. Cikinta wata biyar.

"Malama Nukiliya," in ji Bilki, "wata tara a Abuja, abin da aka ba ki ke nan? Rediyon da ba ya kama tasha?"

"Ya fi ki amfani. Shi ba ya magana sai da dalili."

"Ji mini ita. Da can da nake goya ki kina yi mini fitsari a zane ai ba ki san dalili ba."

Taubasai ne, tun suna yara haka suke. Amatullahi ta buɗe baki za ta rama, sai muryar Baba Ndako mai ɗaukar hoton ƙashi ta fito daga bayan bangon, sarai kamar a cikin ɗakin yake.

"Ja numfashi. Riƙe. Kada ka motsa."

Inji ya yi gurnani sau ɗaya. Allurar mitar ta zabura ta bugi ƙarshen gilashi, 'yar ƙarar da take yi ɗai-ɗai ta haɗe ta zama kuka guda, sannan ta lafa.

Bilki ta kwashe da dariya. "Au, ashe yana kamawa."

Amatullahi ba ta yi dariya ba. Ta kai mitar daidai kafaɗar Bilki, ta tsaya tana jira. Aka shigar da wani mai tari. Muryar ta sake fitowa, injin ya sake gurnani, allura ta sake bugun gilashi. Ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa bangon. An shafe shi da farin fenti, an rataye kalanda, amma ƙararsa ta ganga ce. Katako ne.

"Shekara nawa kike zama a nan?"

"Huɗu. Me ya faru?"

"Hoto nawa ake ɗauka a rana?"

"Ranar kasuwa sai a yi talatin. 'Yan Bangi da tarinsu, 'yan acaɓa da karayarsu. Ke, mene ne kike kallona kamar na ci bashinki?"

"Tashi daga nan, Bilki."

"In tafi ina? Nan ne aikina."

* * *

An ce watarana ƙasar nan za ta gina tashar lantarki ta nukiliya, kuma kafin a aza tubali dole a sami waɗanda za su iya shiga su ce wannan daidai ne, wannan ba daidai ba. Aka ɗebi matasa ashirin da huɗu aka sa su a aji, har da Amatullahi, wadda ta karanta kimiyyar fiziks ta zauna shekara uku tana koyar da 'yan sakandare. Wata tara ana nuna musu zanen tashoshin wasu ƙasashe, ana koya musu kaurin kankare da na dalma, da iyakar abin da jikin ma'aikaci zai ɗauka a shekara, da na mai ciki, wanda bai kai ko kusa da wancan ba. A garinsu Kontagora kuwa, inda wuta ke zuwa kamar baƙon da bai son a san ya zo, mutane suka sa mata suna mai gadin tashar da ba a gina ba.

Malaminsu, Malam Fidelis, dattijo mai sanƙo da ƙaramar murya, ya ce musu tunda babu tashar, za a gwada su a kan abin da ake da shi. Kowa zai je ya duba ɗakin hoton ƙashi na wani asibiti ya kawo rahoto. Wanda ya kasa gane ɓarakar ɗaki ɗaya, in ji shi, kada Allah ya sa a ba shi tasha. Da takardar rabon wurare ta fito, Amatullahi ta ga an tura ta gida, asibitin Alhaji Mahfuz, yayan mahaifiyarta.

Ta shiga ɗakin hoton. Dā babban ɗaki ne guda, aka raba shi biyu da katako lokacin da marasa lafiya suka yi yawa. Allon da ake tsayar da mutum a ɗauki ƙirjinsa, a jikin katakon aka kafe shi. Wato bakin injin yana kallon bayan Bilki, shekara huɗu.

Baba Ndako ya karɓe ta da fara'a. Hausarsa har yanzu da sauran Nufanci a bakinta.

"'Yata, kin dawo. An ce yanzu ke ce babba."

"Ina rigarka ta dalma, Baba?"

Ya nuna ta a kan ƙusa, ta tsage a kafaɗa, an ɗinke da zare. "Nauyi gare ta. Ga zafi."

"Bajonka fa? Wanda ake maƙalawa a ƙirji, mai auna abin da jiki ya sha?"

"Yana wurin Alhaji, lafiya lau. Mu ba ma wasa da kayan gwamnati." Ya ga yadda take dubansa, ya ƙara da cewa, "Shekara goma sha huɗu nake nan. Ko ciwon kai. In da abin nan yana kisa ai da kin zo ta'aziyya."

* * *

A ofishin Alhaji Mahfuz an riga an shimfiɗa ledar cin abinci. Tuwon shinkafa da miyar taushe, ga kindirmo da aka kawo daga Bobi da safe. Haka ake karɓar duk wanda ya zo dubawa, kuma a tarihin asibitin ba a taɓa samun wanda ya wuce ofishin nan ya shiga ciki ba. Takardun shaida suna jere a bango cikin gilashi, shekara bayan shekara.

"Zauna ki ci tukuna, Amatu. Aiki ba ya guduwa."

"Na ƙoshi, Kawu. Bajon ma'aikata nake son gani."

Ya yi murmushi irin na wanda aka tambayi abin da ya fi ƙwarewa a kai. Ya ciro makulli daga aljihu, ya buɗe durowa, ya ɗauko gwangwanin alewa. A ciki bajo huɗu ne, kowanne naɗe a leda, da sunan mai shi.

"Ga su, ko ƙwarzane babu. Shekarun baya Ndako ya manta nasa a aljihu, matarsa ta wanke shi da sabulu. Wasiƙa uku hukuma ta rubuto mini, kamar na sayar da tutar ƙasa. Tun daga ranar na ce ba za a ƙara ba. Duk wata uku ina aika su, su auna, su dawo mini da sakamako." Ya miƙo mata fayil. "Duba da kanki. Sifiri, sifiri, sifiri. Wani da ya zo bara ya ce a duk jihar nan bai ga mai tsabta irin tamu ba."

Ta bi layukan da ido. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya. Durowar Kawu ba ta taɓa shan radiyeshin ba, kuma an tabbatar da hakan sau huɗu a kowace shekara, da hatimi da sa hannu.

"Kawu, a jiki ake sa shi. In yana cikin gwangwani, gwangwanin yake aunawa."

"In aka sa a jiki ya ɓace."

"Bangon da ke bayan Bilki katako ne. Abin yana ratsa shi kamar yadda rana ke ratsa labule. Na auna sau shida."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa, amma idon ya bar shi. Ya mayar da murfin gwangwanin a hankali.

"To me za ki rubuta?"

"Abin da na gani."

"In kin rubuta me zai biyo baya?"

"Za su rufe ɗakin har a yi bangon bulo a sa dalma."

"Su rufe." Ya gyaɗa kai. "Su liƙa jar takarda a ƙofa, gari ya taru ya karanta. A ce Mahfuz shekara da shekaru yana dafa mutane da ransu, kuma 'yar ƙanwarsa ce ta gano. Mai karaya daga Bobi ya zo a ce masa ya ƙara gaba. Ndako ya koma gida ya zauna." Ya tura mata kwanon kindirmo. "Ni ban hana ki aikinki ba. Na dai ce ki sha nono, ki je ki gaida uwarki."

* * *

Inna Halima tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa bayan la'asar. Labari ya riga Amatullahi isowa, kamar yadda yake yi kullum.

"Sannu da aiki, Inna."

"Ke ce da sannu, mai rufe asibitoci."

Amatullahi ta zauna a bakin tabarma ta ja tire gabanta. Ta fara taya ta ɓara.

"Ranar da ubanki ya rasu," in ji Inna, ba ta ɗago ba, "danginsa ko tabarma ba su bar mana ba. Wa ya zo da mota ya kwashe mu?"

"Kawu."

"Wa ya ce ba za a cire ki daga makaranta ba, da kowa ya ce a cire ki?"

"Na sani, Inna."

"Ba ki sani ba. Da kin sani da ba ki shiga gidansa da na'ura kina neman laifi ba. Ki faɗa masa a tsakaninku, ya gyara a hankali. Takarda kuma ki rubuta lafiya. Wanda ya rufa asirin wani, Allah zai rufa nasa."

Da wannan maganar aka raine mu duka, kuma ba wanda ya ce ba ta da kyau. Abin da ba a taɓa gaya mana ba shi ne, in an ja murfi an rufe asiri, sau da yawa akwai mutum a ciki.

"A hankali ɗin wata nawa ne, Inna? Bilki saura mata wata huɗu."

Hannun Inna ya tsaya. Bilki ta yi ɓari sau biyu a cikin shekara uku. An kai ta wurin mai ruƙiyya, an ce iska ce. An kai ta wurin wata tsohuwa a bayan kasuwa, an ce mahaifa ce ba ta da ƙarfi. An yi mata rubutu, an hana ta ɗaukar bokiti. Kowa ya kawo nasa dalilin, sai bangon da take jingina da shi ne kaɗai ba a tuhuma ba, don shi ba ya wari, ba ya zafi, ba ya motsi.

"Kada ki kuskura," in ji Inna a hankali, "ki haɗa ɓarin yarinyar nan da bangon ubanta."

"Ban ce shi ne ba. Ban kuma isa in ce ba shi ba ne. Ba wanda zai iya faɗa yanzu. Abin da zai faɗa mana yana cikin gwangwani."

"In kika sa masa wannan a zuciya, kin kashe shi."

"In na yi shiru fa?"

Inna ta tattara ɓawon gyaɗa a gefen zane, ta miƙe da ƙyar.

"Boko dai ba ya koyar da kunya," ta ce, ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi Amatullahi ta zauna a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ta cike fom ɗin. Ta rubuta kaurin katakon. Ta rubuta abin da mita ta nuna, sau shida. Ta rubuta rigar da aka ɗinke da zare, da gwangwanin, da cewa akwai mai ciki a bayan bango. A layin ƙarshe, inda aka tambayi shawarar mai dubawa, alƙalamin ya daɗe a sama kafin ya sauka. Ta sa hannu. Da za ta tafi tasha ta leƙa ɗakin Inna ta yi sallama. Inna tana lazimi, kuma lazimin bai ƙare ba har ta fita.

* * *

Bayan sati biyar Malam Fidelis ya kira ta ofishinsa. Rahotonta yana kan tebur, an maƙala masa wata wasiƙa.

"Zauna, Amatullahi. A cikin ashirin da huɗu, naki ne kaɗai ya sa na cire tabarau na sake karantawa. Sauran yawanci sun kawo mini hoton takardun bango."

"Na gode, Malam."

"Kada ki yi saurin godiya. Mai asibitin ya rubuto. Bai musa ko lamba ɗaya ba, yana da wayo. Cewa ya yi ke 'yar ƙanwarsa ce, kuma akwai 'yar tsama a cikin gida. Kin san ƙa'ida, ni na koya muku. Mai dubawa ba ya duba ɗan'uwansa."

"Na faɗa wa wanda ya raba wuraren tun ranar farko. Ya ce kowa garinsu aka tura shi don ba kuɗin masauki, kuma gidan kawu ai ya fi sauƙi."

"Ya rubuta?"

"A'a."

"Ke kin rubuta?"

"Ban rubuta ba."

"To an jingine rahoton. Ba a ce ƙarya ba ne, ba a ce gaskiya ba ne. Za a tura wani."

"Yaushe?"

Ya buɗe tafin hannunsa biyu. "Yana cikin jerin. Na sa a kai shi sama, amma ba ni ke riƙe da jerin ba." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ke kuma kin ci jarrabawa. An ce a ba ki wani ɗakin a Abuja ki duba don cike ƙa'ida. Wata mai zuwa za a ba ku takardar shaida, akwai walima. Za ki zama mai duba tashar nukiliya."

"Malam, akwai mai ciki a bayan bangon nan."

"Na karanta," in ji shi. "Sau biyu."

* * *

Ta koma Kontagora ranar Asabar, ba a aike ta ba, ba mita a jakarta. Daga tasha ba ta nufi gida ba, ta hau babur zuwa asibitin. Duk hanya tana shirya abin da za ta ce wa Bilki, ko da za a yi faɗan da ba na wasa ba, ko da za ta ja ta da hannu.

A ƙofa ta haɗu da Baba Ndako yana alwala. Ya amsa gaisuwarta a gajarce, yana kallon buta.

"Bilki tana ciki?"

"Bilki ai ta daɗe da barin nan. Kwana biyu da tafiyarki Alhaji ya ce ta zauna a gida har ta haihu. In ta yi arba'in ma kantin magani za ta koma, can bakin titi." Ya zuba ruwa a ƙafa. "Ya ce zaman kujera ne ke kumbura mata ƙafa."

Amatullahi ta dubi ƙofar ofishin Kawu. Ashe ya ji. Ashe duk da wasiƙar, ya yarda da allurar. Ta yi hamdala a ranta, ta sa kai cikin ɗakin kati don ta ga aikin da aka yi wa bangon.

An sake fenti. Shuɗi ne yanzu, mai sheƙi, har da sabuwar kalanda. Ta ƙwanƙwasa. Ganga.

"Sannu da zuwa, Anti. Kati za ki yanka?"

Wata yarinya ce a bayan teburin, ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba, da sabon hijabi wanda ko karin guga bai sake ba. Hausarta ta mutanen Rijau ce, tana jan ƙarshen kalma.

"Ke ce sabuwar mai kati?"

"Ni ce. Fure sunana, daga Tungan Magajiya. Wata ɗaya ke nan." Fuskarta ta cika da murna. "Alhaji mutumin kirki ne, Anti. Mijina ya yi hatsari a babur, a nan aka ɗauke shi hoto, bai tashi ba. Da Alhaji ya ji na gama sakandare, ya ce in zo. Mu bakwai muka nema."

"An gaya miki wani abu game da wurin nan da kike zama?"

"An ce kada in bar teburin in ba salla ba."

A kan benci mutum tara ne ke jiran hoto, wani dattijo yana tari cikin tsumma. Amatullahi ta sunkuya, ta rage murya.

"Fure, ki roƙi a matsar miki da teburin can bakin taga. Yau. Bangon nan ba shi da kyau ga lafiya."

Yarinyar ta waiwaya ta dubi shuɗin fentin, ta dawo da ido kan baƙuwar. Murnar ta ragu, wani tsoro ya maye gurbinta, kuma ba bangon take tsoro ba.

"Anti, ni sabuwa ce. Ba zan fara da roƙo ba." Ta gyara littafin kati a gabanta. "Ke 'yar gidan ce?"

Kafin Amatullahi ta amsa, wani ɗan kuka ya taso daga ƙarƙashin teburin. Fure ta yi saurin sunkuyawa. A ƙasa, a kan zane ninki biyu, jaririya ce kwance, da ɗan kunne ƙanana da tozali a ido, zufa ta jiƙe mata wuya.

"Yi haƙuri, Anti, zafi ne ke damunta," in ji Fure.

Ta ja zanen a hankali, ta matsar da 'yar har bayanta ya taɓa bangon, inda ya fi sanyi. Jaririyar ta yi ajiyar zuciya ta koma barci.

Aka kira na gaba.